Takardar Gadi da Akwatin Shayi

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙin babbar mota, in kai albasa Anaca in dawo Jega da kayan kanti. Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi ita ce motar ta kife da ni gab da Maiyama, na karye a ƙafa. Masu ɗorin Aliero sun haɗa ƙafar, Allah Ya saka musu, amma ta hagun ba ta ƙara taka kuloci ba. Mai mota ya ba wani makulli.

Ana nan sai babban ɗana Lawali, mai aikin ofis a Birnin Kebbi, ya zo mini da takarda. An buɗe sababbin ma'aikatu ana ɗaukar masu gadi, ya kama mini gurbi.

"Baba, zama ne kurum. Mota ta zo ka buɗe, ta wuce ka ruhe. Yatsa za ka dangwala nan ƙasa."

"In buɗe ma wa?"

"Manya."

"Manyan da nike ɗorawa bisa buhun albasa in kai su makaranta?"

Ya ce in yi tunani. Mako uku zai dawo, in takardar ba ta koma ba a ba wani gurbin, kuma ba a ba da ta biyu. Ya ajiye ta bisa tabarma ya tafi.

Ni ko ina da abin da nake ɓoyo. A Anaca na taɓa ganin wani kafinta yana fitar da furanni cikin katako da zarto siriri kamar tsinken tsintsiya, direbobi na saye suna kafawa a goshin mota. Tun lokacin na sayi ƙulli ɗaya na bakin zarton na jefa cikin adaka. Na fiddo su, na jawo tsohon keken ɗinkin matata Gudiya da ya shekara biyar ba a taɓa ba, na kai wa wani makaniken tasha ya cire allura ya ɗaura zarto a wurinta. Ƙafar dama ce ke taka keke, ita kuwa lafiyarta lau.

Saura icce. Na hau motar garin Dangamaji zuwa wurin Yari masassaƙi, wanda rabin turamen Jega aikinsa ne. Na faɗa masa abin da nake so, ya dube ni daga hula har sanda.

"Direba, kai da icce? Gidanku wa yat taɓa riƙa gizago?"

"Gidanku wa yat taɓa ganin Anaca? Ba ni icce."

Ya yi dariya, ya sare mini reshen faru nan take, ya tsaga shi ya feƙe falle-falle. Ya ce icce ɗanye ake aiki da shi, haka ubansa ya yi, haka kakansa. Busasshe sai ya cinye bakin ƙarfe. Ba mugunta ya yi mini ba. Abin da ya sani ya ba ni, kuma ga turmi gaskiyarsa ce.

Kwana shida ina kan falle ɗaya. Ɗanyen icce yana kama zarto, garin ya dunƙule kamar tuwo, na karya baki huɗu. Duk da haka furen ya fito. Na jingina shi a zaure don masu wucewa su gani. Kwana uku ya lanƙwashe kamar ɓawon kabewa, rana ta huɗu ya tsage gida biyu.

Gudiya ta tsaya a kansa da tsintsiya. "Malam, in share ko kana so?"

"Bar shi nan."

"An ɓata min keke, an ɓata icce. Gadin dai ba shi tsagewa."

Na zauna ina juya gutsuren. Turmi kauri gare shi, yana bushewa a hankali, siririn falle kuwa rana ɗaya ta ishe shi. Kenan ni busasshe nake nema, shimfiɗaɗɗe, wanda ya gama duk motsin da zai yi. Sai na tuna abin da na yi shekara talatin ina lodi ina saukewa ban taɓa yi masa kallo biyu ba: akwatin ganyen shayi. Katakonsa falle uku ne manne, ya ƙetare teku bai lanƙwashe ba.

Na bi 'yan tireda na kasuwa rumfa rumfa na kwashe akwatunan da babu komai ciki. Yari ya gan ni ranar kasuwa ana tura mini su a baro.

"Wanga ba icce ba ne, Direba. Takarda ce."

"To, kai riƙe naka."

Na ɓalle gwangwanin bakin akwati, na zare ƙusoshi, na zaɓi gefen da bai sha ruwa ba. Matsala ɗaya: duk jikinsa rubutu ne da tambari baƙi, layin fensir ba ya fita. Kafintan Anaca a takarda yake zane ya manna. Na duba ɗaki, farar takarda guda ce a gidan, bayanta fes. Na kife ta, na zana reshe da ganye bakwai, na shafa ƙaro na manna ta. Na gasa ƙusa na huda duk inda za a cire, ina zura zarto rami bayan rami. Na gane in na tura katakon da ƙarfi baki ya karye, in na bar zarto ya ci da kansa sai ya bi layi kamar mota a sabuwar kwalta.

Ina kan ganye na shida Lawali ya yi sallama. Ya gaishe ni, ya tambayi ƙafa, sannan ya ce, "Baba, ina takardar?"

Na nuna masa da haɓa. Ya durƙusa ya tsinci wani ɗan gutsure a ƙasa, ya ɓare takardar jikinsa, ya ga rabin hatimi.

"Baba, ka san mutum nawa na roƙa?"

"Na sani. Ka koma ka yi musu godiya."

"In wannan ma ya tsage fa?"

"Akwati goma sha ɗaya na cikin ɗaki."

Ya matso yana duba katakon. Can ya ce ganyen tsakiya ya karkace. Na ce na gani, direban da zai saya ba tsayawa zai yi a kansa da ma'auni ba. Na ce ya matsa daga ƙofa yana tare mini haske, na mai da ƙafa kan keke.