Jaririyar da ke cikin kwalba

Jama'ata, masu bibiyata, ina gaisuwa. Na san barkwanci kuka zo nema, to yau labari zan ba ku, kuma daga kan bencin asibiti nake rubuto shi.

Yayata ta haihu shekaranjiya. Bakwaini ce, mace, 'yar mitsitsiya, takalmina ma ya fi ta tsawo. An saka ta a kwalba, injin nan na renon bakwaini, roba a hanci, ƙirjinta na ɗagawa kamar na ɗan tsako. Mijin Yaya direban babbar mota ne, yana can wata uwa duniya, wayarsa ba ta shiga. Ɗazu likita ya ce huhunta bai gama ƙwari ba, mu yi addu'a. Kun dai san in likita ya fara tura ka wajen addu'a.

Baba dattijon coci ne. Yana jin haka ya kira fasto, fasto ya ce ya yi nisa, amma in abu ya matsa Baba ya yi mata baftisma da kansa. Sai ga shi da ruwa a 'yar gora, da sunan da ya zaɓa.

Kakata kuwa, mahaifiyarsa, ba ta taɓa barin hanyar iyayenta ba. Cocin ma sai in ana ɗaurin aure take leƙawa, ta ce ta je kallon kwalliya. Tana hango gorar ta gitta sandarta a bakin ƙofar ɗakin jarirai.

"Ina za ka da ruwa?"

"Inna, a sa mata suna, a miƙa ta ga Ubangiji."

"Ka miƙa masa abin da bai gama ƙerawa ba? Tana hannunsa, ɗanya ce. Ka kira sunanta ta waiwayo, ta zame masa."

Baba ya ce, "Inna, Allah ya gama halitta tun farko, ya ga ta yi kyau, ya huta. Yarinyar nan cikakkiyar mutum ce."

"Ya huta? To wa ya ƙera wannan mai kunnuwan?" Ta nuna ni da haɓa.

Na ce, "Amaryata, ni ai ranar hutun aka yi ni, shi ya sa aikin bai fita ba."

Ba wanda ya yi dariya. Nas ma da ke wucewa harara ta ba ni.

Baba ya durƙusa gabanta, gorar a hannu. "Hannun nan da kike faɗa, a cikinsa nake so in sa ta. In ta tafi ba suna fa? Me zan ce wa uwarta? Me zan kira ta in ina addu'a?"

Kaka ta ce, "Kafin kai na haifi wani, kamar wannan. Babanka ya yi zumuɗi, ya tsaya a kansa ya kira shi. Bai kai yamma ba. Kai kuwa na rufe bakin kowa sai da ka yi ƙwari. Ga ka nan da furfura kana yi mini wa'azi."

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Daga fuskar Baba, shi ma bai taɓa ji ba.

Na lallaɓa wajen nas na ce, "Anti, ke da kike ganin irin wannan kullum, wa ya fi gaskiya?" Ta ce ita injin take kallo. Ta ƙara da cewa mutum ɗaya kawai za a bari ya shiga ɗakin jarirai da yamman nan, kuma uwa ce za ta faɗi ko wa.

Na tafi ɗakin Yaya. Tana kwance, ɗinki bai bar ta ta tashi ba, ta juya fuska bango. Ashe duk ta ji, bangon kamar kwali yake. Na fara zolayarta cewa 'yar ta ɗauko hancinta, Allah ya jiƙan kyau. Sai ta kama hannuna ta matse.

"Auta, in na ce Baba, ta tafi, Kaka za ta ce ni na kira ta. In na ce Kaka, ta tafi ba suna, ba zan iya kallon Baba ba. Kai ka zaɓa. Don Allah."

Na ce, "Yaya, ni da ko rigar sawa sai na tambaye ki?"

Ba ta sake ni ba sai da na ce to.

Yanzu ga su can a ƙarshen bencin, Baba da gorarsa, Kaka da sandarta, ta jingina kanta a kafaɗarsa don gajiya. Dukansu ni suke kallo. Nas ta leƙo ta ce in yi sauri. Ta gilashi ina hango ƙirjin yarinyar, yana ɗagawa, yana sauka, wani lokacin ya ɗan jinkirta.

Ku da kuke da bakin sharhi kullum, yau ga ranarku. Da ku ne a wurina, wa za ku ce ya shiga?