Makullin Inji a Kan Tabarma

Ni na rubuta sabon tsarin mulkin ƙungiyar manoman rani ta Damri, shafi tara cur, kuma ba zan ɓoye ba, don in kawar da Baba Maiwada daga shugabanci na yi shi. Shekara goma sha tara makullin injin ban-ruwa yana aljihunsa. Ranar Asabar da hantsi na karanta shi a gindin tsamiya, aka ɗaga hannu, aka amince. Murna kamar ta kashe ni. Kamilu maƙwabcin gonata ya ciccibe ni sama, hulata ta faɗa cikin ƙwaryar kunu, ko a jikina.

Abin mamaki, Baba Maiwada ya fi kowa tafi.

"Malam Tijjani, tsohon tsari ya mutu ke nan?"

"Murus, Baba."

"To ni ma na sauka, tunda shi yan naɗa ni. Alhamdu lillahi!"

Ya ajiye makulli a kan tabarma, ya tattare riga ya taka rawa, tsoho da furfura. Sannan ya jingina da tsamiya yana shan rake.

Ranar kuwa layina ne na ruwa. Albasata ta kwana shida ba ta sha ba, ganye ya fara kwanciya, in ta kai gobe na yi asarar shekara. Na kai hannu ga makulli, Kamilu ya cafke ni.

"Sashe na huɗu, Malam. Ba mai taɓa makulli sai shugaba. Kai ka rubuta."

"To mu yi zaɓe yanzu!"

"Sashe na bakwai. Shugaba ka kiran zaɓe."

Wuri ya kaure da dariya, har wani yana birgima. Na bi shafi tara ɗin nan sau biyu. Na rubuta komai, har tsawon jawabin shugaba, amma na manta wa zai riƙe ƙungiya kafin a yi zaɓen. Kunya ta kama ni, ga tsoron albasa.

Na ɗauki biro na ƙara layi ɗaya: tsohon shugaba zai ci gaba har a zaɓi sabo. Aka ɗaga hannu ana ƙyaƙyatawa. Saura yardar mai rake.

Na durƙusa gabansa.

"Baba, don Allah ka riƙe muna wata guda."

"Mi kac ce? Kunnena ya yi nauyi tun da nis sauka."

Na maimaita da ƙarfi, jama'a na shewa. Ya tofar da tuƙar rake, ya ɗauki makulli yana juya shi. Sai na ga dariyar ta bar fuskarsa.

"Shekara goma sha tara nika buɗe muku ruwa, da azumi da zazzaɓi. Yau ne hwarkon da wani yac ce mini don Allah. Tashi mu tai, albasarka na jira."