Jarrabawa a Gidan Biki

Rakiyya ta ɗaga katifa, ta zazzage durowa, ta leƙa har bayan buhun gero. Babu laftof, babu cajarta.

"Abdulfatah! Ina kwamfutata?"

Mijin nata yana ƙofar ɗaki yana goge takalmi, ko ɗagowa bai yi ba. "Au, Sha'aibu ya ara. Ta mai kiɗan ce ta lalace, ga shi yau ake kamun Ummu Salma."

"Ya ara? A wurin wa?"

"Haba Rakiyya, ƙanena ne fa. Bikin ƙanwarmu ne. In ce masa a'a?"

Yau da azahar Rakiyya za ta rubuta jarrabawar ƙarshe ta karatun jinya da take yi ta intanet, kuma wanda ya rasa ta sai baɗi. Ta faɗa masa, ta maimaita har bakinta ya gaji!

"Ki yi a waya mana," in ji shi.

"Manhajar ba ta hawa waya! Sau nawa zan faɗa?"

"To ta ofishinku fa?"

Ta yi tsaki. Kwamfutar tebur ta asibitin da take aiki tun makon jiya take lulluɓe da zane, babu wuta, injin kuma babu mai. Abin da ke ƙona mata rai ke nan. Babu mai aron ta tebur, ta yi nauyi. Babu mai aron waya, ana jin kunya. Amma laftof, tunda tana shiga jaka, a Sule Tankarkar ta zama kamar tabarmar unguwa, kowa da sha'aninsa sai ya aiko.

Ta zura hijabi, ta tare ɗan acaɓa.

Gidan surukarta ya cika maƙil da mata, kiɗa har ƙirji yake duka. Can ta hango abarta a kan kujerar roba, cikin rana tsaka, an ɗora mata kofin zoɓo a gefe. Sha'aibu yana ganinta ya washe baki.

"Anti, wallahi wannan na'urar taki akwai..."

Ta fizge wayar lasifika. Ɗif, gidan ya yi tsit. Masu rawa suka tsaya da hannuwa a sama.

"Ke Rakiyya!" Hajiya Inna, mahaifiyar mijinta, ta taso tana gyara mayafi. "Lafiyarki ƙalau? A gaban baƙin Maigatari za ki tozarta mu?"

"Inna, ki yi haƙuri, jarrabawa gare ni yanzu."

"Jarrabawar ta fi auren 'yata? To ki ji da kyau. In kika fita da abin nan daga gidan nan, kada ki sake tako mini ƙofa."

Rakiyya tana son matar nan, ita ta yi mata jego. Masallacin unguwa kuwa har ya fara kiran salla.

"Ba fita zan yi da ita ba, Inna."

Ta jawo turmi ta kifa shi a inuwar darbejiya, ta zauna, ta ɗora laftof a cinya, ta kunna datar wayarta. Mata sun yi cirko-cirko suna kallonta. Wata ta ce, "Ikon Allah!"

Shafin ya buɗe. Ta goge zoɓon da ya ɗiga a kan madannai da bakin hijabinta, ta rubuta sunanta.