Kwalbar Injiniya Etim

Kafin mu shiga shagon na lura Yaya Shamsuddeen ya zare carbin da ke naɗe a hannunsa ya tura aljihun wando. Bai san na gani ba. Na gyara hijabina na bi bayansa.

Shagon yana bayan tashar Rano, na wata 'yar ƙabilar Ibo da ake kira Maman Obinna. A garin ta haifi 'ya'yanta duka, Hausa kuwa a bakinta kamar jakin Kano. Sabulu take sayarwa da madara da biskit. Abin da ya kai mu ba ya cikin kayan da ta jera a kantar shagon.

Yaya direban gireda ne, motar baje ƙasa, a kamfanin da ke gyara hanyar da ta ratsa garinmu, Fammar. Aikin ya zo ƙarshe, kuma an ce bayan Kirsimeti shugabansu, Injiniya Etim, zai zaɓi waɗanda zai tafi da su wani aikin. Kowa na neman abin da zai kai masa na biki. Wani abokin aikin Yaya mai suna Manu shi ya raɗa masa cewa babu abin da Injiniya yake so kamar giyar nan wiski. Shekara uku ke nan da kafa Shari'a a jihar, kuma mahaifinmu, Malam Abdurrahman, shi ne limamin unguwarmu.

"Ke kika yi jami'a," in ji Yaya da safe kafin mu taso. "Karanta min kawai za ki yi. Sannan 'yan Hisba ba sa buɗe jakar mata."

Na so in ce a'a. Ni dai tun ina ƙarama kalmar nan tana maƙale min a wuya. Abin da ke raina shi ne Baba. Shi ya tsaya kai da fata na je jami'a, lokacin da abokansa malamai ke cewa zai ɓata 'yarsa. Tun da na dawo, duk takardar boko da ta shigo gidanmu, ta asibiti ce ko ta takin zamani, ni nake karanta masa, kuma bai taɓa neman wani ya sake duba masa ba.

"Direba, amarya ka kawo min?" in ji Maman Obinna.

"Ƙanwata ce."

"To me za a ba ƙanwa? Man shafawa?"

Yaya ya waiga titi, ya rage murya. "Manu ne ya turo ni. Kayan Kirsimeti."

Ta dube shi, ta dube ni daga hijabi har takalmi. Sannan ta saki labulen ƙofa, ta janye buhunan garin sabulu, ta fito da dogayen kwalaye uku ta jera a kan benci. Yaya ya mayar da hannayensa baya kamar wanda aka nuna wa maciji.

"Karanta, Ramlatu."

Na ɗauki baƙin kwalin mai rubutun ruwan zinare. Na duba jikinsa. "Wannan an rubuta shekararsa goma sha biyu."

"Goma sha me?" Yaya ya juya kanta. "Haba Madam! Don kin ga ba mu san kan abin ba za ki haɗa mu da kwantai? Shekara goma sha biyu yana ajiye? So kike ya lalata wa mutum ciki a ce ni ne?"

Maman Obinna ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na girgiza. "Wayyo direba, za ka kashe ni. Shi wannan abin tsufansa shi ne kuɗinsa. Duk ya fi su tsada."

Da ta faɗi kuɗin, ya kai albashin Yaya na wata guda. Ya yi lissafi da leɓe.

"Ko da ina da shi ba zan saya ba," ya ce. "Direba ya kai wa Injiniya wannan, gobe a ce man gireda yake sacewa."

"To ga na talakawa." Ta tura masa ƙaramin.

Na duba shi. Takardar jikinsa a karkace aka liƙa ta, gam ɗin ma ya fito ta gefe. Na ce a hankali, "Yaya, wannan zai ga kamar raini ne."

"Ƙanwarka ta fi ka ido," in ji Maman Obinna.

Wata mota mai lasifika ta wuce a titi ana wa'azi. Duk muka tsaya cak har muryar ta yi nisa. Yaya ya share gumi da hularsa.

"Ke zaɓa mu tafi."

Na ɗauki na tsakiyar, koren kwali mai hoton tsauni. Na karanta gaba da baya. Ba shi da tsadar da za ta jawo zargi, ba shi da arahar da za ta zama cin fuska. Na ce, "Wannan." Ta naɗe shi da jar takarda mai ƙyalli, na tura shi ƙasan jakata na rufe da yadin da na saya wa Iya.

A motar Kibiya, wadda za ta mayar da mu gida, na ɗora jakar a cinya na rungume. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ruwan ya ce ƙul. Tsohuwar da ke gefena ta taɓa ni.

"'Yan mata, man gyaɗa kika sayo? Riƙe shi a tsaye, kada ya ɓata miki kaya."

"To, Inna."

Muna fita gari 'yan Hisba suka tsayar da mu. Ɗayansu ya buɗe but ɗin motar, ya taɓa buhunan albasa, ya leƙo ta taga. Da ya ga mata a baya sai ya kawar da kai ya ce Allah ya kiyaye hanya. Sai da muka yi nisa na ji zafin leɓena, ashe cizonsa nake yi.

Shirinmu shi ne mu wuce ɗakin Yaya kai tsaye. Amma muna yin sallama a zaure muka tarar da Baba zaune a kan buzunsa, ya dawo daga sallar la'asar. A gefensa ga zabbi biyu an ɗaure musu ƙafa, ga ƙwaryar gyaɗa sabuwar ɓara.

"Yauwa, ku nake jira," ya ce. "Iyarku ta ce ka je Rano sayo wa maigidanka tsarabar bikinsu. Shamsu, haka ake yi? Kyauta ta fita daga gidan nan ba hannun gida a ciki? Mutumin nan shekara biyu yana riƙe da kai, bai taɓa hana ka zuwa Juma'a ba. Addininsa nasa ne, amma alheri ba a bar shi a ƙasa. Ga nawa, ka haɗa. Ina naka mu gani, in sa masa albarka?"

"Baba, ai an riga an naɗe."

"Wanda ya naɗe ya iya sake naɗewa. Kawo."

Yaya ya dube ni. Na durƙusa na ciro kwalin na miƙa da hannu biyu. Baba ya warware jar takardar a hankali don kada ta yage, ya ninke ta ya ajiye a gefe. Ya zaro kwalbar ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa. Ruwan ciki ya yi launin zuma.

"Masha Allah. Mene ne?"

"Lemon Turawa ne," in ji Yaya da sauri. "Irin na manya."

"Ramlatu, me suka rubuta?"

Ya juyo min da takardar jikin kwalbar, ya ɗora yatsa a layin farko kamar yadda yake yi wa ɗalibansa a kan littafi. Na sunkuya a kan rubutun. Na tsallake babbar kalmar da ke tsakiya na gangara ƙananan layuka.

"An yi shi a wata ƙasa, Sikotilan. Da ruwan ƙorama. Da... da sha'ir."

Duk abin da na faɗa yana jikin takardar. Haka na riƙa gaya wa kaina.

"Sha'ir?" Fuskar Baba ta washe. Ya gyara zama. "Sha'ir dai da muke karantawa a babin zakka? Ikon Allah! Shekara arba'in ina fassara wa mutane shi, in ce musu wani hatsi ne ɗan'uwan alkama, ban taɓa sa shi a bakina ba. Abincin magabata ke nan." Ya ɗaga murya. "Iya! Miƙo min ƙaramin kofin nan."

"Baba, in aka buɗe ai ya lalace," in ji Yaya. Muryarsa ta sirance.

"Kurɓi ɗaya? Ka ce masa tsohonka ne ya taɓa. Dama abin da zai shiga cikin mutum ba a ba shi sai mai bayarwa ya ɗanɗana. In ya yi tsami fa? Sunan gidan wa za a kira?"

Iya ta shigo da kofin silba ta ajiye a gabansa, ta tsaya a bakin ƙofa tana murmushi, tana jiran ta ji yadda sha'ir yake. Baba ya kama murfin. Yatsunsa sun tsufa, murfin ya ƙi. Ya sa bakin rigarsa ya sake kamawa. Na dubi Yaya. Kansa na ƙasa, idonsa a kan zabbin, leɓensa na motsi ba sauti. Na gane ba zai yi magana ba.

Murfin ya ce ƙas.

"Bismillahi," in ji Baba, ya karkata kwalbar.

"Baba, kada ka zuba."

Ban san muryata za ta iya fita haka ba. Ya tsaya, kwalbar a karkace, ya dube ni.

"Giya ce."

Wari mai kaifi ya riga ya cika zauren. Iya ta dafe ƙirji ta ce innalillahi. Ɗaya daga cikin zabbin ta yi fiffika ta koma ta kwanta.

Baba ya miƙar da kwalbar ya ajiye ta a ƙasa, nesa da buzun. Bai dubi Yaya ba ko sau ɗaya. Ni yake kallo.

"An rubuta a jiki?"

"An rubuta."

"Kin gani lokacin da kike karanta min?"

"Na gani."

"Shamsu bai iya karatun nan ba. Wa ya zaɓo ta?"

Yaya ya buɗe baki. "Baba, ni ne na..."

Baba ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi.

"Ni ce," na ce.

Na jira faɗa. Na jira ya kira sunana cikakke yadda yake yi in ransa ya ɓaci, ko ya jawo aya. Da ya yi, da na sami abin da zan riƙe in yi kuka in ba shi haƙuri. Sai kawai ya jawo butarsa ya zuba ruwa a yatsunsa, ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, ya goge a gefen riga. Ya dafa bango ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Iya ta matsa masa hanya a zaton ciki zai shiga. Ya sa takalmansa, ya sunkuya ta ƙofar waje ya fita.