Ranar da Aka Zo Auna Iska

Likita ta ce ƙurar injin fasa dutse ce ke shaƙe jikar tsohon, amma hukuma ba za ta rufe injin ba sai an auna iskar unguwar.

Da ya ji masu awo na tafe, tsohon ya sa aka share titi, aka yayyafa ruwa, ya roƙi mai injin ya huta ranar. Baƙi ba za su same su cikin ƙazanta ba.

Na'urar ta nuna iska lafiya lau.

"Baba, ai ƙurar suka zo gani," in ji 'yarsa a gajiye.

"To, sun ga mutunci."

Washegari injin ya tashi. Tsohon ya jiƙa tsumma, ya toshe tagar ɗakin yarinyar, ya zauna yana jin tarinta.