Ƙarfen da Tartsatsi Ya Ɗauka

Tartsatsi ake kiransa, don walda yake yi tun gemu bai fito masa ba, kuma zuciyarsa ba ta da nisa da sana'arsa, abu kaɗan ke kunna ta. Shagonsa yana bakin babban titi, rumfar kwano ce mai injin walda ɗaya da teburin ƙarfe, ga ƙofofi da tagogin mutane jingine da bango suna jiran fenti. Su biyu uwarsu ta haifa, shi da yayansa direban bas. A gida ba a ce masa Tartsatsi, Auta ake cewa. Yaya kuwa mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, ga barkwanci. In ya zo wucewa sai ya danna ham sau biyu ya leƙo ta taga.

"Maƙerin zamani! Har yanzu idon bai tsiyaye ba?"

"Tafi can da akwalar motarka, ta girmi Mama!"

Wata Talata da hantsi yana durƙushe yana haɗa ƙafar gado, sai ga matar da ke sayar da ruwan sanyi a gefen shagonsa ta shigo da gudu, ɗankwali a hannu.

"Tartsatsi, tashi! Bas ɗin yayanka ta buge mai babur a shataletale, mutane sun rufe shi!"

Ko injin bai kashe ba. Ya jefar da gilashin fuska ya ruga, takalmi ɗaya ya fice a hanya bai waiwaya ba.

Tun daga nesa ya hango bas ɗin a tsaye, an farfashe mata gilasai. Mai babur ɗin yana zaune a bakin kwalbati riƙe da ƙafarsa, da ransa, har yana ɗaga hannu yana cewa a bari, amma wa ke jinsa? Daga baya aka gane cewa shi ne ya yanko gaban motar, Yaya kuma ya tsaya ya fito don ya kai shi asibiti. Fitowar nan ita ce ajalinsa. Mutum ya fi hamsin a kansa, wani da dutse, wani da katako, wani da ƙafa kawai. Tartsatsi ya kutsa yana ihu, "Yayana ne! Ku bari, yayana ne!" Wani ya maka masa gwiwar hannu a baki, wasu biyu suka riƙe shi ta baya. Ta tsakanin ƙafafun mutane ya ga Yaya ya yunƙura ya durƙusa, jini ya rufe masa ido, yana lalube kamar mai neman abin da ya faɗi. A nan wani gajere mai faɗin kafaɗa ya matso da ƙarfen cire taya. Tartsatsi ya san shi, mai faci ne a bayan tashar mota. Mai facin ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu ya sauke a ƙeyar Yaya.

Da jiniyar 'yan sanda ta taso, taron ya watse kamar an yayyafa wa ƙudaje ruwa. A bayan motar 'yan sandan ne Yaya ya cika, kansa a cinyar ƙaninsa.

Baba Kafinta, dattijon majami'arsu, shi ya yi akwatin da hannunsa. Aka yi waƙoƙi, fasto ya yi wa'azi, matar Yaya ta suma a bakin kabari da goyon jaririya a bayanta. Tartsatsi bai zubar da hawaye ko ɗigo ba. Ya je ya faɗa wa 'yan sanda wanda ya gani. Suka kama mai facin, kwana biyu suka sake shi. Babu wanda ya yarda ya tsaya shaida, kowa a shataletalen ya ce ranar bai fito ba.

Daga nan ya daina zuwa sujada. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne addu'ar Mama. Kowace safiya takan durƙusa a bakin gadonta, muryarta na ratso labule. Ta roƙa wa matar Yaya da jaririya, ta roƙa wa Auta, sannan ta ce, "Waɗanda suka taɓa ɗana kuma, ya Yesu, ka san su ɗaya bayan ɗaya. Ni ban iya yafewa ba tukuna, ka koya mini."

Wata safiya ya bankaɗe labulen.

"Mama, waɗanda suka fasa kan ɗanki kike saka wa a addu'a?"

Ta ɗago, idanunta sun kumbura. "Auta, in ban ajiye su a gaban Ubangiji ba, a ƙirjina za su kwana. Na tsufa da ɗaukar wannan kaya."

Ya fice ko karyawa bai yi ba.

Bayan mako uku Baba Kafinta ya biyo ta shago, wai ya zo a gyara masa hannun amalanke. Ya tarar da Tartsatsi ya yanko rodi mai kauri, tsawon kamu guda, yana naɗa masa roba a gindi. Tsohon ya zauna a kan gwangwanin fenti ya daɗe yana kallo.

"Wannan na tagar wane gida ne?"

"Aiki ne, Baba."

"Shekarata arba'in ina riƙe da guduma, ɗana. Na san abin da ake yi wa mariƙi." Ya share gumi da hularsa. "Ba zan ce maka kada ka ji zafi ba. Ni na auna yayanka, na ga abin da suka yi masa. Amma Ubangijin da muke bi, shi ma taro ne suka kama shi suka yi ta duka, uwarsa tana tsaye tana kallo. Abin da ke cikin ƙirjinka ba baƙonsa ba ne. Ka yi masa magana, ko da faɗa ne."

"To yana ina ranar Talata?"

"Ba ni da amsar da za ta ƙosar da kai. Abin da na sani, ba ya cikin masu jifa. Yana ƙasa tare da wanda ake jifa."

Tartsatsi ya kunna injin don kada ya ƙara jin wata magana. Tsohon ya ɗora masa hannu a kafaɗa, leɓunansa suka motsa, ya tafi ya bar amalanken.

Washegari da rana tsaka ya zura rodin cikin hannun rigarsa ya nufi bayan tasha. Mai facin yana sunkuye a kan bahon ruwa yana neman hujin tiyub. Tartsatsi bai yi sallama ba. Dukan farko a kafaɗa ya sauka, ya ji ƙarar ƙashi kamar an karya busasshen itace. Mutumin ya kurma ihu ya faɗa cikin bahon, ya taso ya kare da hannu, duka na biyu ya karya hannun. Ya rarrafa ya miƙe ya ruga cikin tasha, Tartsatsi na bin sa yana ruri, "Ku tare shi! Ku tare shi!"

Bai ce ɓarawo ba, amma wani ya faɗa a madadinsa. Kafin ƙiftawar ido kalmar ta zagaye tashar. Wani ɗan dako ya sa wa mai facin ƙafa ya kifa. Masu lodi, masu talla, fasinjojin da ko sunan garin ba su gama sani ba, kowa ya taso da abin da hannunsa ya samu. Dutse ya fasa masa goshi. Wani ya tattaka masa karyayyen hannun. Tartsatsi na tsaye a gaba, rodi a sama, yana jiran a ba shi fili ya sauke na ƙarshe.

Sai ya ga ana gangaro da tsohuwar taya, wani kuma yana tsiyayar fetur daga babur cikin gora. Mai facin ya yunƙura ya durƙusa, jini ya rufe masa ido, ya shiga lalube a ƙasa da hannunsa mai lafiya. Tartsatsi ya dubi fuskokin da ke kewaye da shi. Bai san ko ɗaya ba, amma ya taɓa ganinsu, bakuna a buɗe, idanu jajur, wasu har dariya suke yi. Yau kuma shi ne a gabansu.

Hannunsa ya mutu. Abin da ya fito daga bakinsa, wanda rabonsa da faɗa tun ranar jana'iza, shi ne, "Yesu! Yesu, ka taimake ni!"

Rodin ya faɗi. Ya tsinci kansa kwance a kan mai facin, ya rungume masa kai da hannu biyu.

"Ba ɓarawo ba ne! Ni na fara! Ku bari!"

Amma wutar da aka kunna a busasshiyar ciyawa ba ta san mai ashana ba. "Abokinsa ne!" in ji wani. Katako ya sauka a gadon bayansa, ya sake sauka. Takalmi ya same shi a baki, ya ji haƙora biyu suna yawo a kan harshensa. Aka ja ƙafarsa, aka ja rigarsa har ta yage, bai saki ba. Ya ji sanyin fetur a wuyansa, warin ya cika masa hanci. A ƙarƙashinsa mai facin yana karkarwa kamar ɗan akuyar da ruwa ya doka. Tartsatsi ya runtse ido yana ta maimaita sunan nan ɗaya, ba don yana sa ran tsira ba, don dai ba shi da wani abin riƙo. Abin da ya ba shi mamaki, ko bayan shekaru in yana ba da labarin, shi ne tsoro ya sake shi a daidai lokacin. Ya ji ba shi kaɗai ba ne a ƙasan nan.

Wani direban babbar mota ne ya cece su, ƙaton mutum mai furfura. Ya fizge gorar fetur ɗin ya yi jifa da ita, ya tsaya a kansu ya ware ƙafa. "Wanda zai ƙyasta ashana ya fara da ni!" Abokan aikinsa suka mara masa baya, aka yi ta turereniya har 'yan sanda suka iso.

A asibiti ya farfaɗo, haƙarƙari uku a karye, ido ɗaya a rufe. Mama na zaune a gefen gado, Baba Kafinta na tsaye a ƙafafunsa. Ba wanda ya yi masa faɗa. Mama ta jiƙa tsumma tana goge masa busasshen jini a kunne.

"Mama," ya ce da kumburarren baki, "saura kaɗan na kashe mutum."

"Na ji, Auta."

"Yaya ma haka ya yi ta lalube a ƙasa."

A nan kukan da ya riƙe kusan wata guda ya ɓalle. Kowace shessheka sai ta soki haƙarƙarinsa, amma ya kasa tsayawa. Mama ta kifa goshinta a hannunsa suka yi tare. Da ya lafa, ya ce wa Baba Kafinta ya yi addu'a. Tsohon ya ce, "A'a, kai za ka yi, mu mu ce amin." Ya yi ta a karkace, rabi roƙo rabi ƙorafi, har da tambayar me ya sa aka bar Yaya ya mutu. Suka ce amin.

Da ɗan sanda ya zo ɗaukar bayani, ya nuna masa hanya a fakaice. "Taro ne, ko? Ba a san wanda ya fara ba." Tartsatsi ya dubi silin. Ƙofa ce a buɗe, irin wadda mai facin ya bi ya fita.

"An sani, ranka ya daɗe. Ni ne. Ni na karya masa kafaɗa da hannu."

Ɗan sandan ya dube shi kamar mai taɓin hankali, ya rubuta.

Mai facin yana ɗakin da ke kallon nasa. Ranar da za a sallami Tartsatsi zuwa hannun hukuma, ya roƙa aka tsaya da shi a ƙofar. Mutumin na kwance cikin filasta har wuya.

"Ka san ni?"

"Na san ka." Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Me ya sa ka kwanta a kaina?"

"Ba don kana da kirki ba ne. Har yanzu in na gan ka raina ɓaci yake. Amma na roƙi Ubangijina ya taimake ni, abin da ya sa ni yi ke nan."

Mai facin ya juya fuska bango. Bai nemi gafara ba, bai kuma taɓa amsa laifinsa a gaban kowa ba. Da ya warke ya kwashe kayansa ya bar garin.

Alƙali ya ba Tartsatsi wata tara. A gidan yari aka gano sana'arsa, aka sa shi gyaran gadaje da ƙofofi. Ranar Lahadi fursunoni goma sha wani abu kan taru a ƙarƙashin rumfar wanki su yi sujada, yakan zauna a baya. Akwai ranakun da fushin kan dawo masa sabo fil, har ya kasa haɗiye abinci. A irin ranakun yakan faɗa wa Yesu haka nan kai tsaye, ba ado, ya kuma koma bakin aiki.

A wata na biyar matar Yaya ta zo ziyara da jaririyar. Ta rame, amma ta fara ɗinki a gida, ta ce Mama na gaishe shi, ƙafa ce ta hana ta zuwa. Yarinyar ta zura hannu ta cikin ragar wayar da ta raba su ta cafke masa hanci.

"Ta yi haƙora biyu," in ji matar Yaya. Ta dubi giɓinsa, dariya ta kuɓuce mata. "Auta, ashe naka ta ɗauka."

Ya yi dariya har haƙarƙarin ya motsa. Da mai gadi ya buga ƙarfe alamar lokaci ya cika, ta ce su yi addu'a kafin ta tafi. Suka sunkuyar da kai, waya a tsakaninsu, yarinyar na ta jan kunnen uwarta.