Kofi Uku na Tela

"Mililita ɗari bakwai da hamsin," matar tela ta karanto da ƙyar, tana miƙo takardar asibiti ta saman katanga. "Malam, mu da ba mu da ma'auni, kofi nawa ke nan?"

Malam, maƙwabcinsu, ya shekara talatin da ɗaya yana koyar da kimiyya kafin ya yi ritaya. Ya duba takardar. Zuciyar tela ta raunana, likita ya ce kada abin da zai sha a yini ya wuce haka.

"Kofi uku. Kofi ɗaya mililita ɗari biyu da hamsin ne, ko da yake a wasu ƙasashen ɗari biyu da arba'in ake lissafawa, saboda..."

Daga ɗaki tela ya ɗaga murya: "Kai ba a tambayarka hanya sai ka kawo tarihin titi! Uku ko huɗu?"

"Uku, sarkin gardama."

Cikin kwana goma sha tara ƙafafun tela suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Keken ɗinki ya yi shiru. Numfashi ya hana shi kwanciya, sai barci a zaune. Ranar Talata da hantsi ya cika.

Da Malam ya shiga yi wa matar gaisuwa, ta sa aka kawo masa ruwa a wani kofin tangaran mai faɗin baki.

"Nasa ne," in ji ta. "Wallahi ban taɓa ƙara masa ko kurɓi ba. Yana roƙo, yana cewa ba ni da imani, ni kuwa in ce Malam ya ce uku."

Hannun da ya shekara talatin da ɗaya yana riƙe kwalaben awo ba ya bukatar ma'auni. Kofin nan ya kai rabin lita. Uku, lita ɗaya da rabi ke nan: ninki biyu, kowace rana.

Babbar 'yarsu ta sunkuyo. "Baba Malam, likita ya yi ta faɗa, wai ruwa aka cika masa. Tun jiya Mama ba ta ci komai ba. Kai za ta ji maganarka. Ka faɗa mata ba laifinta ba ne."

Yana iya cewa likita bai san abin da yake faɗa ba, kowa zai yarda. Ya daɗe yana kallon ruwan.

"Ba laifinki ba ne," ya ce. "Kofin nan ninki biyu ne na wanda na lissafa. Taku goma ne tsakanin ƙofata da taku, ban zo na gan shi ba."

Matar ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Malam ya ajiye kofin a hankali, ya fita. A waje maza sun cika inuwa, suka matsa domin su ba shi wuri. Ya wuce su, ya zauna can ƙarshen tabarma, inda rana take dukan ƙasa.